Bangon da Ba Shi da Kusurwa

Masu fenti na garin ba su san shi da wani suna ba sai Gama-Yau. Tun farkon shigarsa sana'ar sunan ya manne masa. In aka kai shi ɗaki aka tambaye shi kwana nawa aikin zai ci, sai ya ɗaga kai ya dubi silin, ya juya ya dubi bango huɗu, ya ce, "Yau za a gama." Kuma kafin rana ta faɗi yana bakin famfo yana wanke burushi.

Ba gaggawa ce ke damunsa ba, yana da dalilinsa. Fenti ba ya son a bar shi a tsakiyar bango. In mutum ya shafa rabi ya tafi shan iska, bakin inda ya tsaya zai bushe, in ya dawo ya ɗora sabo a kai sai wani siririn layi ya fito daga sama har ƙasa. Da safe ba a ganinsa. Sai rana ta karkata, haske ya shigo ta gefe, sannan layin zai miƙe tsaye kowa ya gani. Shi gaɓa yake ce masa. Wurin tsayawar mai fenti, in ji shi, kusurwa ce, ko bakin ƙofa, ko bakin taga. Shi kam ko a nan ɗin bai cika tsayawa ba. Shekara talatin da ɗaya yana sana'ar, ba wanda ya taɓa nuna gaɓa a bangonsa.

Ciwon bayan bai zo masa da wani labari ba. Bai faɗo daga tsani ba, ba abin da ya danne shi. Kamar gajiya ya fara, can ƙasan ƙugu, sai gajiyar ta ƙi tafiya. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashinsa. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya nuna wani wuri da bakin biro, ya ce, "Nan ya zaizaye. Sai ka riƙa lallaɓawa." Layi ya yi tsawo a waje, don haka bai ƙara komai ba sai takardar magani.

Maganin ya ƙare cikin mako biyu, amma kalmar ta zauna. Mai fenti ya san zaizayewa. Ya sha ganin gindin bangon da ruwa ya ci, wanda in ka sa masa yatsa sai yashi ya zubo. Tun daga ranar haka yake ganin bayansa. In ya sunkuya zai ɗauki takalmi, sai ya ji kamar wani abu na zubowa a ciki. Ya daina sunkuyawa. Ya sayi ɗamarar baya mai faɗi ya ɗaure, ya koma tafiya a sanɗare kamar wanda ya ɗauko cikakken bokiti a ka.

Gidan ma ya taya shi. Matarsa ta kawar da duk abin da ya fi kofi nauyi daga gabansa. Aka ba shi kujerar kusa da taga, aka tara masa matasai uku. In cokali ya faɗi, kafin ya motsa an ɗauko. Maƙwabtan da ke ce masa "sannu da aiki" in ya dawo da ɗigon fenti a gira, yanzu tun daga bakin ƙofa suke fara "ya jiki?" Shi kuma ya ce da sauƙi, in sun tafi ya zauna yana sauraron jikin, don ya ji ko da sauƙin. Kuma duk lokacin da ya saurara, sai ya ji wani abu.

Da zaman ne kaɗai, da abin bai kai haka ba. Duk bayan 'yan makonni sai ya wayi gari ya ji bayan ya sake shi. Ranar sai ya kwance ɗamara, ya jawo tsani daga bayan gida. A yini guda ya taɓa fente ɗakin girki, da ƙofar gida, da katangar wani maƙwabci da bai roƙe shi ba. Matarsa na biye da shi tana cewa, "Malam, ya isa haka," shi kuwa ko waiwaye. Washegari ko juyi a gado sai an kama shi. Kwana goma yana kwance, wani lokaci mako biyu. In ya farfaɗo sai ya ƙara tabbata aiki ne ke karya shi, ya koma kujerar taga ya ƙara lafewa. Wata goma sha huɗu ana haka. Cinyoyin da suka yi shekara talatin suna hawa tsani suka motse, wandonsa ya yi masa yawa a ƙafa, ya matse shi a ciki.

Babbar 'yarsa ce ta zo da zancen gadi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Mamana. Mijinta ke riƙe da sito a wani kamfanin kayan gini a bakin gari, kuma mai gadinsu na rana zai bar aiki ƙarshen wata.

"Zama ne kawai, Baba," in ji ta. "Kujera ce da inuwa da littafin rubuta lambar mota. Ba ɗauka, ba hawa."

"Yanzu ma zaman nake yi, Mamana."

"To ai shi ya sa. Can ko ba komai ka ga mutane."

"In ga mutane suna wucewa za su aiki."

Ta gyara masa matashin da bai karkace ba. "In ka karɓa, tsanin nan a bayar da shi. Muddin yana bayan gida, hankalin Mama ba zai kwanta ba, ni ma haka."

A cikin makon ne wayarsa ta yi ƙara. Shugabar wata makarantar firamare ce, wadda ya fente wa zauren taro shekara tara da suka wuce. Yara sun tafi hutun mako uku, tana so a sake fentin kafin su dawo. Ba ta san ya yi ciwo ba. Ita ce ta farko cikin shekara guda da ta kira shi ba ta tambayi jikinsa ba, kuma kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce to.

Gidan ya ɗauki zafi yini guda. A ƙarshe shi ya yanke maganar.

"Ku bar ni da zauren nan. In na gama shi kafin yara su koma, ku bar ni da tsanina. In ban gama ba, Mamana, ki zo da kanki ki ɗauke shi, ni kuma in tafi rubuta lambar mota. Ba zan sake cewa komai ba."

Ta yarda, da sharaɗin sai ya fara zuwa sashen gashin ƙashi an duba shi.

Wadda ta duba shi wata gajeriyar mace ce mai saurin magana, ba za ta girmi Mamana ba. Ya miƙa mata hoton ƙashin da hannu biyu. Ta ɗaga, ta duba, ta ajiye a gefe da saurin da ya ɗan ɓata masa rai.

"Shekararka nawa, Baba?"

"Hamsin da takwas."

"In na fita titi na tattaro sa'anninka na ɗauki hotonsu, da yawa irin wannan za ka gani, kuma wasunsu ba su san ma ana ciwon baya ba. Wannan furfura ce, a ciki ta fito."

"Wato ƙarya nake yi ke nan."

"Wa ya ce? Ciwonka gaskiya ne, ba wanda ya isa ya ce maka ba ka ji. Ni dai abin da nake faɗa, ciwo daban, karyewa daban. Tashi daga kujerar nan ka zauna, kar ka dafa komai. Yi ta yi sai na ce ya isa."

A na biyar ƙafafunsa suka fara rawa. A na shida ya dafa tebur.

"Ka ga wannan? Ba ya cikin hoto. Wannan aikin kujerar gidanka ne." Ta jefar da biro a ƙasa. "Ɗauko min."

Ya daɗe yana kallon biron. Da ya sunkuya, a hankali, yana jiran ya ji yashin nan ya zubo, sai ta ce, "Numfasa mana, Baba. Tun ɗazu ka riƙe numfashi kamar mai shiga rijiya." Ya saki numfashi. Ya ɗauko biron. Bayan ya yi ciwo, amma ciwon jiya ne, bai ƙaru ba.

Ta tambaye shi ranakun da yake jin dama. Nan ya gyara zama ya ba ta labarin ɗakin girki da ƙofa da katangar maƙwabci, har da yawan galan ɗin da ya shanye. Ta saurara har ya gama.

"To ga abin da za ka yi. Minti ashirin da biyar kana aiki, sannan ka sauke hannu ka huta minti goma, ko ciwo ya zo ko bai zo ba. Ranar da bai zo ba ma ta fi haɗari a wurinka."

"'Yata, bango bai san minti ba." Ya yi mata bayanin gaɓa, da yadda rana ke tona asirin mai fenti in ta karkata.

"Ni ban san bango ba," in ji ta. "Baya na sani. Bangon kai za ka ji da shi." Ta rubuta masa motsa jiki guda huɗu, ta zana su da 'yan mutanen tsinke. Har ya kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Wata rana zai tashi maka, komai kiyayewarka. In ya tashi, ba ka karye ba ne. Yini ɗaya ka lallaɓa, na biyu ka taka zuwa bakin titi. Kuma ka turo min Mama, ina da magana da ita."

Zauren taron dogo ne, silin ɗinsa ya kai tsayin mutum biyu. Bango uku ba su ba shi wahala ba, don cike suke da tagogi da ƙofofi. Mamana ta saita masa ƙararrawa a waya, shi kuma ya koyi auna bango da ido, daga wannan taga zuwa waccan, yadda zai iso bakin taga daidai lokacin da wayar za ta yi kuka. Ranakun farko hutun ya fi aikin gajiyar da shi. Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa kusa da haɓa, rola na jiƙe a tire, hannunsa na ƙaiƙayi. Amma da yamma yana komawa gida da ƙafarsa, washegari kuma ya dawo. Ya manta rabon da ya yi aiki kwana uku a jere.

Ranar ta takwas Dogo ya leƙo. Tare suka koyi sana'ar a hannun maigida ɗaya, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Ya tsaya a ƙofa ya riƙe ƙugu yana kallon doguwar sandar da Gama-Yau ya ɗaura wa rola.

"Ikon Allah. Wannan ba ita ce ka ce sandar ragwaye ba?"

"Ita ce. Na ari taka ne, na ga ta karɓe ka."

"Ni da aka ce min kana gida ana ba ka ruwa a baki."

"Kai dai shigo ka rufe ƙofa, kana sa min ƙura a fenti."

Suna cikin haka waya ta yi kuka. Gama-Yau ya ƙarasa bakin taga, ya ajiye sanda, ya je ya zauna a benci. Dogo ya dube shi, ya dubi rolar da ke jiƙe, ya ce, "Yanzu waya ce maigidanka?" Amma bai yi dariya sosai ba, don idonsa ya kai kan bango na huɗu.

Taku talatin da shida ne tsawonsa, ba ƙofa, ba taga, ba komai. Tagogin yamma na ƙarshen zauren kuma suna jefo haske a jikinsa ta gefe, yadda ko sawun ƙuda sai ya nuna. Shekara tara da suka wuce, Gama-Yau ya shafe shi a tashi ɗaya, bai sauke hannu ba daga wannan kusurwa har waccan.

"Wannan fa?" in ji Dogo. "Wayarka ta san shi?"

"Ina tunani."

"Bar tunani. Jibi in shigo da sassafe, ni daga can kai daga nan, kafin tsakar rana mun haɗu. Ba wanda zai ji."

"Ni zan ji." Ya goge hannu a tsumma. "Ba bangon ake gwadawa ba, Dogo."

Kwana biyu ya yi yana kankare tsohon fenti yana bi da samfefa, bai san yadda zai yi ba. A hutun da waya ta tilasta masa ne ya ga abin. Tunda yake bai taɓa zama minti goma yana kallon bangon da bai fente ba. Can kusa da tsakiya akwai wata tsaga siririya kamar gashi, miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa. Ya duba gefe, ga wata. Ya tashi ya auna da ƙafa: taku shida. Ya ƙara taku shida, ga ta uku. Guda biyar ne, a jere, tazararsu ɗaya. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. A kan tsagar ƙarar ta toshe, a gefenta kuma ta yi holoƙo. Ginshiƙan kankare ne a binne cikin bangon, filasta ta rufe su. Shi da hannunsa ya cike tsagogin nan wancan karon, a gurguje, ya shafe su ya wuce. Sun dawo inda suke, bangon kuwa yana nan tsaye ko gezau.

Ya je ofis ya taho da shugabar makaranta. Ya nuna mata.

"Malama, tsagar nan ko sau goma na cike ta za ta dawo. Nan ne bulo ya haɗu da ginshiƙi, kowa da irin motsinsa in zafi ya zo. Ba abin tsoro ba ne, a fata take. Ki bar ni in ja layi mai duhu a kan kowace, faɗin yatsa uku. In ta dawo, cikin duhun za ta dawo."

Ta sauke tabarau kan hanci. "Ba kai ne ka taɓa ce min bango ɗaya launi ɗaya ba, sauran duk kwalliyar marasa hannu ce?"

"Ni ne." Zai iya tsayawa a nan, don abin da ya faɗa gaskiya ne. "Akwai kuma wani dalili. Bayana na ciwo, fiye da shekara. Ina iya aikin, amma ba na iya shi a tashi ɗaya. Ina bukatar wurin tsayawa, bangon nan kuma bai ba ni ba, sai dai in yi masa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa yaron da ya kawo kansa ofis kafin a kira shi. Ya jira ta ce sannu.

"Wane launi?" in ji ta.

Bango ɗaya ya zama shida, kowanne daidai minti ashirin da biyar da rola mai sanda. Shafin farko ya tafi lafiya lau cikin kwana biyu. Ranar shafi na biyu ya tashi jikinsa sakayau, kamar an canza masa baya. Ya gama kashi na farko, waya ta yi kuka, ya kashe ta da gwiwar hannu ya ce bari ya ƙara ɗaya. Fentin na bin rola kamar mai. Ya ƙara na uku, ya ƙara na huɗu, ya hau tsani ya gyara bakin silin yana waƙa ƙasa-ƙasa. Da ya sauko zai rufe galan, sai ya kasa miƙewa. Mai gadin makaranta ne ya nemo masa mota.

Saura kwana huɗu yara su dawo.

Washegari yana kwance yana kallon silin ɗin ɗakinsa Mamana ta shigo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna bakin gado ta ce, "Baba, ka gwada. Kowa ya ga ka gwada."

"Saura kwana nawa?"

"Baba."

"Alkawarinmu da rana a ciki, Mamana. Ranar ba ta zo ba."

Da ta fita, tsoron ya dawo masa ɗanye, da gindin bangon nan mai zubar da yashi. Ya kwanta da shi. Can sai ya shiga ƙirga sau nawa ya taɓa kwanciya irin wannan. Ya kai tara ya ɓace. Kowace ya ɗauka ita ce ta ƙarshe, kowace kuma ta wuce. Ya lura ya riƙe numfashi, ya sake shi. Ya yi biyu daga cikin motsin 'yan mutanen tsinke, waɗanda ake yi a kwance, yana zagin mai zanen a zuci.

Rana ta biyu ya zauna bakin gado, ya kira matarsa ta miƙo masa takalmi.

"Suna nan ƙarƙashin gado, Malam, inda ka cire su," in ji ta, ta fice da sauri kamar ta bar wani abu a wuta.

Shekara talatin da uku suna tare, ba ta taɓa yi masa haka ba. Har ya buɗe baki, sai ya hango ƙafafunta a ƙasan labule, a tsaye, ba su je ko'ina ba. Ya gane wannan ce maganar da gajeriyar nan ta ce tana da ita da Mama. Ya dafa gwiwa, ya numfasa, ya sunkuya. Takalmin ɗaya ya shige can ciki, sai da ya jawo shi da ɗan'uwansa. Da ya fito, matarsa na tsakar gida tana shanya kayan da suka riga suka bushe.

"Zan taka bakin titi."

"A dawo lafiya," in ji ta, ba ta juyo ba.

Rana ta uku ya koma makaranta. Kashi ɗaya da safe, ya huta, ya zagaya filin wasa a hankali, kashi ɗaya da yamma. Bayan na ciwo duk tsawon yinin, yana aikin tare da shi. Rana ta huɗu ta layuka ce. Ya manna salatef na takarda gefe da gefen kowace tsaga, ya cike tsakanin da shuɗi mai duhu da ƙaramin burushi. Layi biyar, kowanne sai ya hau tsani ya sauka, kuma tsakanin kowanne da na gaba ya zauna a bencin yara har wayar ta sallame shi. Bai taɓa yin aiki mai jinkirin wannan ba. Da ya ɓare salatef na ƙarshe, rana ta karkata, hasken ya kwanta a jikin bangon tun daga farko har ƙarshe. Ya tsaya a kusurwa ya kanne ido ɗaya ya bi shi da kallo, sannan ya tafi famfo.

Mamana ta zo ta gani. Ta yi tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta dawo, ta ce layukan sun yi kyau, ta ce wandonsa ya ɓaci da shuɗi. Ta ce za ta gaya wa mijinta ba zai karɓi gadin ba. Ya ce a'a, mutumin da ya nema maka aiki ba a aika masa amsa, shi zai je.

Ranar Litinin ya shiga mota zuwa bakin gari. Surukin nasa ya taro shi tun daga nesa, ya rusuna ya gaishe shi, ya jawo masa kujerar gadin, ta ƙarfe ce mai gajeren baya, a ƙarƙashin wata 'yar rumfa. Gama-Yau ya zauna don kar ya ƙi karamci. Ya yi godiya yadda ya kamata, ya sa albarka, sannan ya ce a nemi wani.

"Ba komai, Baba. Mu dai lafiyarka muke ji. Jikin ya warware ke nan?"

"Yana nan. Da shi na zo, da shi zan koma." Ya muskuta a kujerar, ya sake muskutawa, ya miƙe. "Wannan ma da na karɓa, da ita za ta ƙarasa ni. Wa ya ƙera ta?"

Surukin ya yi dariya yana sosa ƙeya. Amma hankalin Gama-Yau ya riga ya bar kujerar. Babbar ƙofar kamfanin yake kallo, ta ƙarfe mai ganye biyu, wadda da zai yini yana buɗewa yana rufewa. Ya matsa kusa ya sa farce a ƙasanta, ɓawon fenti ya ɓallo da tsatsa a bayansa.

"Wa ya yi muku wannan?"

"Wani ne, bara."

"A kan tsatsa ya shafa. Bai kankare ba, bai sa jan fenti a ƙasa ba. Damina ɗaya ta rage mata, ta biyu sai ku sayi sabuwa." Ya tura ganye ɗaya ya ji nauyinsa, ya leƙa bayansa. "Kuna sayar da kayan gini, ƙofarku kuma haka?"

"Ai manaja ya sha yin maganar."

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Baba, amma..."

"Je ka ce masa mai fenti na bakin ƙofa. Ka ce ganye ɗaya zan riƙa kamawa, ɗayan a bar wa motoci, ba za a tsayar da kowa ba."

Surukin ya ɗan tsaya, ya ga ba wasa ba ne, ya juya ya nufi ofis. Wata babbar mota ta iso ta danna ham tana jiran a buɗe mata. Gama-Yau ya ɗaga wa direban hannu ya ɗan dakata, ya dafa gwiwa, ya durƙusa a hankali don ya ga iya inda tsatsar ta ci.